Florence Ballard: Mawaƙiyar da ta raɗa wa Supremes suna, aka kuma hana ta cin moriyarsa

A watan Janairun 2007, a birnin Beverly Hills na jihar Kalifoniya, wata matashiyar mawaƙiya mai suna Jennifer Hudson ta hau dandamali ta karɓi lambar yabo ta Golden Globe saboda rawar da ta taka a fim ɗin Dreamgirls. Kafin ta sauka, sai ta sadaukar da lambar ga wata mata wadda da yawa daga cikin masu kallo ba su taɓa jin sunanta ba: Florence Ballard. A lokacin, matar ta kusa cika shekara 31 a cikin kabari.

Fim ɗin labari ne na wasu 'yan mata uku baƙaƙen fata daga birnin Detroit da suka kafa ƙungiyar waƙa. Mai kamfaninsu ya karɓe jagorancin waƙa daga hannun wadda ta fi su ƙarfin murya, Effie White, ya miƙa wa wadda yake ganin za ta fi shiga ran farar fata, daga baya kuma ya kori Effie ɗungurungum. Duk wanda ya san tarihin ƙungiyar Supremes ya gane da wa ake. Sai dai a fim Effie ta faɗi ta tashi, ta ƙwato haƙƙinta, ta koma dandamali ana tafa mata. Florence ta gaskiya ba ta samu wannan ba. Ta rasu tana da shekara 32, bayan ta rasa gidanta, ta rasa kuɗinta, ta sha kaye a kotu, ta kuma ciyar da 'ya'yanta uku da tallafin da gwamnati ke bai wa marasa galihu.

Finafinan da ake yi kan ƙungiyoyin waƙar soul, wato salon nan da ya samo tushe daga waƙoƙin cocin baƙaƙen fatar Amurka, sun fi jingina rushewar irin waɗannan mawaƙa ga kishi da girman kai da kwalba. Duka ukun suna cikin labarin Florence. Amma wanda ya bi takardun kwantiragi da na kotu zai tarar da wani abu na huɗu, wanda shi ne ya yanke hukuncin yadda rayuwarta ta ƙare.

'Yar unguwar Brewster

An haifi Florence Glenda Ballard a Detroit da ke jihar Michigan ranar 30 ga Yunin 1943. Iyayenta, Jesse da Lurlee, na cikin dubban baƙaƙen fatar da suka baro kudancin Amurka, inda wariyar launin fata ta fi tsanani, suka nufi arewa neman aiki a masana'antun ƙera motoci. Mahaifinta ya yi aiki a kamfanin General Motors, kuma yana kaɗa jita a gida, a wurinsa ta fara koyon waƙa. Gidan babba ne, 'ya'ya sun haura goma, samu kuma ƙalilan. Saboda hasken fatarta da jan gashinta, 'yan uwa suka laƙaba mata Blondie, sunan da ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Tana budurwa iyalin suka koma Brewster-Douglass, rukunin gidajen da gwamnati ta gina wa masu ƙaramin ƙarfi. A wannan unguwa Mary Wilson da Diana Ross su ma suke zaune. Florence da Mary sun san juna ne a wata gasar waƙa ta makaranta, kowacce ta ji muryar 'yar uwarta ta yaba, suka ƙulla ƙawance.

A 1959, shekarar da mahaifinta ya rasu sakamakon cutar daji, wani mai suna Milton Jenkins, manajan wata ƙungiyar samari mai suna Primes, ya shiga neman 'yan matan da za su riƙa fita wasa tare da yaransa. Biyu daga cikin samarin, Paul Williams da Eddie Kendricks, su ne daga baya suka shiga sahun waɗanda suka kafa Temptations. Florence aka fara samu. Ita ta kawo Mary, sannan Diana da Betty McGlown suka shigo, aka kira su Primettes. A wancan lokaci babu wata jagora guda, karɓa-karɓa suke yi, amma waɗanda suka gan su a wuraren rawa na unguwanni sun shaida cewa muryar Florence ce ke cika ɗaki.

A 1960 suka lashe wata gasa a bikin da ake yi tsakanin Detroit da Windsor ta ƙasar Kanada. Diana ta roƙi tsohon maƙwabcinsu, Smokey Robinson, ya sada su da Berry Gordy, mai kamfanin Motown. Gordy ya saurare su, ya ce su je su gama sakandare tukuna. Ba su yi zuciya ba. Kullum aka tashi daga makaranta sai su zarce gida mai lamba 2648 a titin West Grand Boulevard, inda kamfanin yake, su zauna a falo suna jiran a nemi masu tafi ko 'yan amshi a faifan wani.

A cikin wannan shekara ce wani mummunan abu ya same ta. Bayan wata rawar matasa a zauren Graystone, wani saurayi da ya ce zai rage mata hanya ya ɗora mata wuƙa ya yi mata fyaɗe. Shekarunta 17. Ta kulle kanta a gida na tsawon makonni, ƙawayenta ba su san dalili ba, kuma ba ta kammala makaranta ba. Mary Wilson ta rubuta a littafin tarihin rayuwarta cewa daga ranar Florence ta zama wata daban: mai saurin fushi, mai zargin kowa, wadda ba ta ƙara sakin jiki da mutane ba. Ba a kai ta wurin wani ƙwararre ya duba halin da zuciyarta ke ciki ba, kuma bayan ta faɗa wa ƙawayenta sau ɗaya, ba a sake tayar da maganar ba.

Sunan da ta zaɓa

Ranar 15 ga Janairun 1961 Gordy ya amince ya ɗauke su, bisa sharaɗin su sauya suna. Wata ma'aikaciyar kamfanin kuma marubuciyar waƙa, Janie Bradford, ta miƙa wa Florence jerin sunaye ta ce ta zaɓi ɗaya. Ta zaɓi Supremes, kalmar da ke nufin waɗanda babu na sama da su. Diana ba ta so sunan ba da farko, tana ganin ya fi dacewa da maza. Dukkansu ba su kai shekarun da doka ta yarda su ƙulla yarjejeniya da kansu ba, don haka sai da iyaye suka sa hannu. Sunan da Florence ta zaɓa kuwa, kamfanin ne ya zama mamallakinsa.

Barbara Martin, wadda ta maye gurbin Betty McGlown, ta fita a 1962, suka rage su uku. Kusan shekara uku suna fitar da faya-fayai ba tare da ko ɗaya ya yi kasuwar kirki ba, har abokan aikinsu suka riƙa yi musu shaguɓe da cewa su ne ƙungiyar da ba ta taɓa yin waƙar da ta karɓu ba. Daga cikin faya-fayan farko akwai Buttered Popcorn na 1961, wanda Florence ta ja. Shi kaɗai ne babban faifan ƙungiyar da ta ja ita kaɗai.

Gordy ya taɓa aiki a layin haɗa motoci na Lincoln-Mercury, kuma a kan wannan tsari ya gina Motown, wanda ya fara da rancen dala 800 daga asusun danginsa a 1959. Wasu na rubuta waƙa, wasu na kaɗa kiɗa, Maxine Powell na koya wa mawaƙa tafiya da zama da cin abinci a gaban manya, Cholly Atkins na koya musu taku. Burinsa shi ne waƙar baƙar fata ta shiga gidajen rediyon farar fata, inda kuɗin yake. A ƙarshen 1963 ya yanke shawarar cewa siririyar muryar Diana ce za ta buɗe wannan ƙofa, ya naɗa ta mai ba da waƙa ta dindindin. Florence da Mary suka koma 'yan amshi.

Ta fuskar kasuwa, lissafin Gordy ya yi daidai. Marubuta uku, Brian Holland da Lamont Dozier da Eddie Holland, suka ba su Where Did Our Love Go, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin mujallar Billboard a Agustan 1964. Waƙoƙi huɗu suka biyo baya a jere, kowacce ta zo ta ɗaya, ciki har da Baby Love wadda ta yi haka a Ingila ma. A Disamban 1964 suka bayyana a shirin talabijin na Ed Sullivan, wanda miliyoyin Amurkawa ke kallo kowace Lahadi. A Yulin 1965 suka yi wasa a Copacabana, gidan rawar manyan masu kuɗi na New York. A shekarar duk su ukun suka sayi gidaje a titin Buena Vista na Detroit. A 1966 kundinsu ya zama na farko daga wata ƙungiyar mata zalla da ya hau kan jadawalin kundaye na Amurka. Kafin Florence ta bar ƙungiyar, muryarta na cikin waƙoƙi 10 da suka zo na ɗaya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da sai a 1964 aka kafa dokar haramta wariya a otal-otal da gidajen abinci. 'Yan mata baƙaƙe uku daga gidajen talakawa suna shiga falon farar fata ta akwatin talabijin cikin shiga ta alfarma. Sai dai yayin da ƙungiyar ke hawa, Florence na ƙara nisa da makirufo. Ma'aikatan situdiyo sun sha ba da labarin yadda ake sa ta ja da baya don kada muryarta ta danne ta jagora. Akwai waƙa guda, People, da ake barin ta ta rera ita kaɗai a kan dandamali. A lokacin wasannin Copacabana aka cire ta daga hannunta, daga baya kuma ta koma bakin Diana.

Lissafin da ba a cika nunawa a fim ba

Kafin a zo kan rikicin, yana da kyau a fahimci yadda kuɗi ke tafiya a Motown. Kamfanin da ke buga faifan na Gordy ne. Kamfanin Jobete, mai haƙƙin mallakar waƙoƙin, nasa ne. Kamfanin International Talent Management, wanda ke matsayin manajan mawaƙan, yake shirya musu wasanni yana cire kasonsa, shi ma nasa ne. Ke nan wanda ya kamata ya tsaya wa mawaƙiya wajen ciniki da kamfani, shi da kamfanin uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Kason da mawaƙa ke samu daga cinikin faifai ɗan ƙarami ne, su uku za su raba, kuma sai an cire kuɗin situdiyo da sauran ɗawainiya tukuna. Da yake ba su suke rubuta waƙoƙin ba, ba su da rabo a kuɗin haƙƙin mallaka, wanda shi ne ke ci gaba da shigowa shekara da shekaru. Alawus ake ba su, sauran kuɗin kamfani ke riƙe musu da sunan ajiya. Ba mawaƙan kaɗai suka koka ba: marubutan nan uku da suka ɗaga Supremes su ma sun raba gari da Gordy kan kuɗi a 1967 zuwa 1968, aka shafe shekaru ana shari'a. Hausawa na cewa kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Florence ba mai haɗiye magana ba ce. Tana faɗa wa Gordy abin da ke ranta a gaban mutane, kuma ta yi imanin cewa ana amfani da ƙungiyar ne a matsayin tsani domin Diana, wadda a lokacin soyayya ta ƙullu tsakaninta da shi. Gordy kuma ya riƙa sukarta kan ƙiba. Ta faɗa shan giya. Ta fara makara, wani lokaci ta ƙi zuwa ɗaukar waƙa ko wasa baki ɗaya, har akan ɗauko Marlene Barrow, ɗaya daga cikin 'yan amshin kamfanin, ta tsaya a madadinta. Adalci ya wajabta a faɗi wannan: ƙungiyar da ke yawo ƙasa-ƙasa ba za ta iya dogaro da wadda ba a da tabbacin za ta zo ba. Amma adalcin ya kuma wajabta a lura cewa an ɗauki halinta a matsayin taurin kai da za a hukunta, alhali tana ɗauke da ciwon da ba a taɓa yi masa magani ba.

A Afrilun 1967 Cindy Birdsong, ta ƙungiyar Patti LaBelle da Bluebelles, ta tsaya a wurinta a wani wasa a Hollywood Bowl. Suna kama da juna, har wasu 'yan kallo ba su lura an yi sauyi ba. An bar Florence ta dawo na ɗan lokaci, amma Cindy na gefe ana horar da ita. Ranar 1 ga Yulin 1967, kwana ɗaya bayan ta cika shekara 24, ta hau dandamalin otal ɗin Flamingo a Las Vegas bayan ta sha, ta yi abin da ya harzuƙa Gordy, ya sa ta koma Detroit. Cindy ta ɗauki gurbinta. Aka sauya wa ƙungiyar suna zuwa Diana Ross and the Supremes, aka kuma shaida wa jama'a cewa Florence ta gaji ne tana son hutawa. Makonni uku bayan haka tarzoma ta ɓarke a Detroit, mutum 43 suka mutu.

Takardar 22 ga Fabrairu

Ranar 22 ga Fabrairun 1968 aka kammala sallamarta. Motown ya biya ta dala 139,804.94 a dunƙule, da aka haɗa da wani ƙari jimillar ta kai dala 160,000. A madadin haka ta yafe duk wani kaso da zai biyo baya daga waƙoƙin da ta yi, waɗanda har gobe ana sayar da su. Akwai kuma sharaɗin da ya fi wannan ciwo: ba za ta yi amfani da sunan Supremes wajen tallata kanta ba. Matar da ta zaɓi sunan da hannunta ba ta da ikon rubuta shi a jikin takardar tallan wasanta.

Mako guda bayan haka, ranar 29 ga Fabrairu, ta auri Thomas Chapman, tsohon direba a Motown, ya kuma zama manajanta duk da ba shi da gogewa a harkar. A Maris ta sa hannu da kamfanin ABC Records. Faya-fayai biyu suka fito, babu wanda ya yi kasuwa, kamfanin ya jingine kundin da ta riga ta ɗauka. Kundin bai ga hasken rana ba sai bayan shekara fiye da 20 da rasuwarta. A Oktoban 1968 ta haifi tagwaye mata. A Janairun 1969 ta yi waƙa a ɗaya daga cikin bukukuwan rantsar da Shugaba Richard Nixon, daga nan kiran wasa ya fara ɗaukewa.

Kuɗin sallamar kuwa a hannun lauyanta suke. Da ta nemi lissafi, sai ta tarar sun salwanta. Daga baya an soke lasisin lauyan. A 1971 ta maka Motown da Gordy da tsofaffin abokan waƙarta a kotu tana neman dala miliyan 8.7, bisa zargin an haɗa baki an fitar da ita, an kuma tauye mata kaso. Kotu ba ta kai ga duba gaskiya ko ƙaryar zargin ba. A dokar Michigan, wanda ke son warware yarjejeniyar sulhu sai ya fara mayar da kuɗin da ya karɓa. Florence ba ta da abin mayarwa, domin lauyan da ya shirya takardar ya riga ya cinye. Aka kori ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a 1973.

A tsakanin nan ta haifi 'yarta ta uku, aurenta ya shiga rikici har suka rabu na wani lokaci, aka kuma ƙwace gidan Buena Vista saboda bashi. Motown ya kwashe ya koma Los Angeles a 1972, shekarar da Diana Ross ta fito a fim ɗin Lady Sings the Blues wanda ya kai ta takarar Oscar. A 1974 Mary Wilson ta gayyaci Florence Kalifoniya, ta jawo ta kan dandamali a wurin shaƙatawa na Magic Mountain. Jama'a suka yi ta sowa. Ta tsaya tana kaɗa tambari mai kacau-kacau, amma ba ta rera komai ba. Ta koma Detroit ta ci gaba da karɓar tallafin gwamnati na iyaye masu ƙananan yara.

Dawowar da ba ta ɗore ba

A farkon 1975 jaridu suka bankaɗo labarin. Wani ɗan jaridar Detroit Free Press, Peter Benjaminson, ya zauna da ita ya naɗi hira ta sa'o'i da dama. Waɗannan kaset-kaset su ne tushen littafinsa The Lost Supreme da ya fito a 2008, kuma su ne wuri mafi girma da ta ba da labarinta da bakinta. Ta kwanta a asibitin Henry Ford domin rabuwa da giya. A shekarar kamfanin inshorar tsohon lauyanta ya biya ta diyya, ta sayi wani gida, ta sasanta da mijinta.

Ranar 25 ga Yunin 1975 ta tsaya a zauren Ford da ke Detroit, a wani taron tara gudunmawa, ta yi waƙa a gaban jama'a karon farko cikin shekaru. Aka miƙe tsaye ana tafa mata. Masu shirye-shiryen talabijin suka fara nemanta, aka kuma fara maganar sabon kwantiragi.

Ranar 21 ga Fabrairun 1976 aka kai ta asibitin Mount Carmel Mercy tana kukan gaɓoɓinta sun sage. Washegari da safe zuciyarta ta tsaya sakamakon daskarewar jini a jijiyar zuciya. Ranar ta zo daidai da cikar shekara takwas cif da sa hannu a takardar sallamarta.

An yi jana'izarta a cocin New Bethel Baptist, ƙarƙashin jagorancin Rabaran C. L. Franklin, mahaifin Aretha Franklin. Dubban mutane suka cika titi. 'Yan ƙungiyar Four Tops na cikin masu ɗaukar akwatin gawar. Da Diana Ross ta iso, wasu daga cikin taron suka yi mata ihu. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: Diana ce fuskar da jama'a suka sani, amma ba ita ta rubuta kwantiragin ba. Gordy bai halarta ba. An binne Florence a maƙabartar Detroit Memorial Park da ke Warren.

Yadda dandamali da fim suka ɗauki labarin

Ba a yi wata biyu da rasuwarta ba fim ɗin Sparkle ya fito, labarin 'yan uwa mata uku mawaƙa a unguwar Harlem, wanda Curtis Mayfield ya tsara wa waƙoƙi, kuma tarihin Supremes na cikin abin da ya zaburar da shi. Ranar 20 ga Disamban 1981 aka buɗe wasan Dreamgirls a Broadway, Michael Bennett ya ba da umarni, Tom Eyen ya rubuta labari, Henry Krieger ya tsara kiɗa. A rubutun farko, Effie mutuwa take yi a ƙarshen kashi na ɗaya. Jennifer Holliday, wadda ta hau matsayin, ta nuna rashin amincewa har ta fice daga aikin na wani lokaci. Aka sake rubutu, Effie ta rayu, Holliday ta ci lambar Tony a 1982. Mary Wilson ta ga wasan, ya taɓa ta matuƙa, ta kuma ɗauko sunan littafinta na 1986 daga gare shi.

A wasan dandamali 'yan matan daga Chicago suke. Da Bill Condon ya mayar da shi fim a 2006, tare da Beyoncé da Jamie Foxx da Eddie Murphy, sai ya dawo da labarin Detroit, ya ƙara kusantar da shi ga Motown. An tsayar da fim ɗin takarar Oscar sau takwas, ya ci biyu, ɗaya ta Hudson. A cikinsa ma Effie ta shiga layin karɓar tallafi. Amma abin da ya cece ta shi ne takardu da lauya: kishiyarta a waƙa ta gano shaidar maguɗin mai kamfani ta miƙa mata, aka tilasta masa ya saki waƙarta. Abubuwa biyun da suka kuɓutar da Effie su ne dai suka durƙusar da Florence.

Smokey Robinson ya fito fili ya soki yadda fim ɗin ya siffanta mai kamfani a matsayin ɗan damfara mai ba gidajen rediyo toshiyar baki. A Fabrairun 2007 kamfanonin DreamWorks da Paramount suka sayi shafi a jaridun masana'antar fim suka ba Gordy haƙuri, suka jaddada cewa labarin ƙage ne. Gordy na da hujjarsa, domin ba a taɓa kama shi da laifukan da aka ɗora wa mutumin cikin fim ba. Amma abin lura shi ne wanda ya samu ban haƙuri. Mai rai ne, mai dukiya, wanda ya sayar da Motown kan dala miliyan 61 a 1988.

Matattu ba su da wannan gata. A 1998 tashar NBC ta nuna fim mai kashi biyu kan Temptations, wanda aka gina kan littafin Otis Williams, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Iyalan David Ruffin, wanda aka kora daga ƙungiyar a 1968 ya kuma rasu a 1991, sun kai ƙara kan yadda aka nuna rayuwarsa da mutuwarsa, suka sha kaye. A dokar Amurka, ƙarar ɓata suna ba ta tsayawa a madadin mamaci. Wanda ya yi tsawon rai, ko wanda ke riƙe da haƙƙin waƙoƙin da fim ba zai yiwu ba sai da su, shi ke da babban rabo wajen tsara yadda za a tuna da sauran.

An shigar da Supremes zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 1988 da sunayen Diana da Mary da Florence. A 1994 aka sa musu tauraro a titin Hollywood, a 2023 kuma hukumar Grammy ta ba su lambar yabo ta tsawon rayuwa, shekara biyu bayan rasuwar Mary. An rushe benayen Brewster-Douglass a 2014, gidan West Grand Boulevard kuma ya zama gidan tarihi da baƙi ke ziyarta.

Muryar Florence na nan a faya-fayan 1964 zuwa 1967, a bayan ta Diana. Mai son jin ta sai ya kasa kunne ga amshi. Duk lokacin da aka sayi ɗaya daga cikin waɗannan waƙoƙi ana raba kuɗi, kuma bisa takardar da ta sa wa hannu tana da shekara 24, ta yafe kasonta.